Yadda ake rage wutar da fankar hayaƙi ke ci a kicin ɗin mashaya a Birtaniya

A Birtaniya akwai gidajen mashaya sama da dubu arba'in, kuma da yawansu a yau abinci ne ke riƙe da su: kifi da soyayyen dankali, baga, da gasasshen naman ranar Lahadi. Tun da farashin gas da lantarki ya yi tashin gwauron zabi a 2022 bayan Rasha ta afka wa Yukren, har gwamnati ta tallafa wa 'yan kasuwa daga Oktoban 2022 zuwa Maris na 2023, masu waɗannan gidaje suka sa ido a kan firji da fitilu da injin wanke kwanuka. Fankar da ke zuƙe hayaƙin kicin kuwa an cika mantawa da ita, don tana can kan rufi ko a bayan gini, ba mai ganinta, kuma sau da yawa ita ce ake fara kunnawa da safe, ita ce kuma ta ƙarshen kashewa da dare.

Iskar kicin sau biyu ake biyan kuɗinta. Na farko, wutar da ke juya fankar fitarwa da fankar shigarwa. Na biyu, kuma shi ne mafi tsada a lokacin sanyi, duk iskar da aka fitar sai wata ta maye gurbinta daga waje, wannan kuma sai an ɗumama ta. Lissafinsa a tsaye yake: mita kubik ɗaya na iska a kowace sakan yana cin kusan kilowat 1.2 kafin zafinsa ya ƙaru da digiri ɗaya. A ce kicin yana fitar da mita kubik 2 a sakan, waje yana digiri 2, ana so iskar ta shigo a digiri 12. Kilowat 24 ke nan na ɗumi, ana zuba shi ta ƙofa ana kwashe shi ta rufi. Duk dabarun da ke tafe manufarsu guda ce: a rage yawan iskar da ake motsawa da tsawon lokacin da ake motsa ta, ba tare da hayaƙi ko iskar guba ta taru a kan ma'aikata ba. Jerin matakan ma yana da muhimmanci, domin wanda ya fara da sayen na'ura mai tsada kafin ya wanke filta ya yi asarar rabin kuɗinsa.

Mataki na farko: san iyakar da ba a ƙetarewa

Murhun gas yana cin iskar da muke shaƙa, yana fitar da iskar kabon dayoksaid, idan kuma ƙonuwarsa ba ta cika ba sai ya fitar da kabon monoksaid, wadda ba ta da wari kuma tana kisa. Shi ya sa ƙa'idar girka kayan girkin gas ta Birtaniya, BS 6173, ta tanadi a haɗa bututun gas ɗin kicin da fanka ta hanyar wani makulli: fanka ta tsaya, gas ya yanke. Kada ka yarda kowa ya zagaye wannan makulli, komai matsin ciniki. Duk aikin da ya taɓa gas kuma sai injiniya mai rajistar Gas Safe, wato rajistar hukuma ta masu aikin gas, wanda ke da takardar aikin kayan girkin kasuwanci.

A iskar waje kabon dayoksaid ya ɗan haura kashi 420 cikin miliyan ne kawai. A kicin, idan ya haura 2,800 cikin miliyan, alama ce iskar ba ta wadata ba, a 5,000 kuma an kai iyakar da doka ta amince ma'aikaci ya yini a ciki. Duk wani rage gudun fanka da za a yi, a ƙarƙashin waɗannan lambobin za a yi shi.

In kana da magasar gawayi ko tandar itace, hukuncinka daban ne. Gawayi yana ci gaba da fitar da kabon monoksaid bayan an tashi aiki, har sai ya mutu murus, kuma gidajen mashaya da yawa suna da ɗakunan kwana a bene inda manaja ko baƙi ke barci. Fankar da ke kan gawayi ba a kashe ta sai garwashi ya huce, kuma sai da ƙararrawar kabon monoksaid a wurin. A nan ba a neman ragi.

Mataki na biyu: auna kafin ka taɓa komai

Hau inda fankokin suke, ko ka tambayi mai gyaransu, ka karanta farantin da ke jikin injin kowace: kilowat nawa ce, da bel take juyawa ko kai tsaye, akwai abin rage gudu ko babu. Sannan ka sa a rubuta, har tsawon mako biyu, ƙarfe nawa aka kunna fanka, ƙarfe nawa oda ta farko ta shigo, ƙarfe nawa ta ƙarshe ta fita, ƙarfe nawa aka kashe. Idan mitar gidan irin mai rubuta cin wuta duk rabin awa ce, kamfanin lantarki zai ba ka bayanan, kuma a cikinsu za ka ga daren da aka bar fanka tana ta gudu har asuba.

Ga misalin da za mu riƙe har ƙarshe. A ce fankar fitarwa kilowat 3 ce, ta shigarwa 2, jimla 5. Suna aiki awa 16 a rana, yunit 80 ke nan. A kwana 360 ya kama yunit 28,800. In ana sayen yunit a fensi 25, fam 7,200 a shekara, kuma ba a sa kuɗin ɗumama iska ba. Ka sa naka lambobin a gurbin waɗannan.

Abu na ƙarshe a wannan mataki shi ne a kira ma'aikacin iska ya auna ainihin iskar da rumfar ƙarfen da ke saman murhu ke ja a fuskar kowace filta, ya kwatanta da abin da kayan girkin da ke ƙasanta suke bukata bisa lissafin DW/172, ƙa'idar da BESA, ƙungiyar kamfanonin da ke girka irin waɗannan na'urori a gine-gine, ta fitar don iskar kicin. Sau da yawa an girka rumfar ne shekaru da suka wuce don wasu kayan girki dabam, an canza kuku, an canza jerin abinci, an fitar da magasa an shigo da obin, fanka kuwa tana nan a gudunta na da.

Mataki na uku: rage awoyi

Wannan kyauta ne, amma shi ya fi wahalar ɗorewa, domin ɗabi'ar mutane ce ake canzawa. Abin da aka saba shi ne wanda ya fara shigowa da safe ya danna fanka don gas ya buɗe, ya kunna tukwanen suya da magasa da murhu gaba ɗaya, sannan ya koma yanka albasa na awa biyu. Wuta na ci a banza, fanka na kwashe zafinta a banza.

Ka zauna da babban kuku ku duba littafin kowace na'ura ku ga minti nawa take bukata ta yi zafi. Yawancin tukwanen suya da obin na zamani ba sa wuce minti 15 zuwa 20. Ku rubuta jadawali babba, ku manna a gefen makunnin: wannan ƙarfe kaza, wancan ƙarfe kaza. Aikin safe da ba ya bukatar wuta, irin su yanka da fere da haɗa miyar salak, a fara da shi. Tsakanin abincin rana da na dare, wajen ƙarfe uku zuwa biyar, ciniki yakan ja baya a ranakun aiki, to a kashe rabin magasa da tukunyar suya ta biyu. Da dare a bar fanka ta yi 'yan mintoci bayan an kashe wuta don ta kwashe ragowar zafi da tururin wanki, sannan agogon kashewa ya tsayar da ita da kansa. Agogon nan ba shi da tsada, kuma ya fi dogaro da tunanin yaron da ya gaji ƙarfe goma sha ɗaya na dare.

A misalinmu, awa uku da aka rage a rana yunit 5,400 ne a shekara, fam 1,350. Shawarata ita ce ka nuna wa ma'aikata wannan lissafin da idonsu. Kuku ba ya son a zo masa da doka daga ofis, amma yana jin maganar kuɗi, musamman in ya san da su ake biyan albashi.

Mataki na huɗu: wanke

Filta mai daskararren maiƙo tana toshe hanya, sai hayaƙi ya fara tserewa ta gefen rumfa, sai wani ya ce fanka ta yi rauni a ƙara mata gudu. Filtocin ƙarfe masu lanƙwasa a ciro su a wanke a injin wanke kwanuka, a kicin mai yawan suya kusan kullum. Wajen mayarwa a duba biyu: layukansu su tsaya a tsaye don maiƙo ya gangara cikin mazubi, kuma kada a bar giɓi tsakaninsu. Giɓi ɗaya ya isa iska ta bi ta nan duka, ɗauke da maiƙo zuwa cikin bututu, ɗaya gefen rumfar kuma ya daina ja.

Bututun kansa yana da jadawalinsa a ƙa'idar TR19: kicin mai aikin awa 12 zuwa 16 a rana duk wata uku, mai awa 6 zuwa 12 duk wata shida, mai awa 2 zuwa 6 sau ɗaya a shekara. Kamfanonin inshora suna neman takardar wannan wanki idan gobara ta tashi. A wannan ziyarar ka sa a kankare fukafukan fanka, a duba bel ko ya saki, a canza filtar iskar shigowa, a share ganyen da ya toshe ragar waje.

Mataki na biyar: taimaki rumfa ta kama hayaƙi

Nan ne ake samun damar rage iska ba tare da an cuci kowa ba. Hayaƙi da tururi suna tashi sama da kansu saboda zafi, aikin rumfa shi ne ta tare su. Idan suna kauce mata, to ƙara ƙarfin fanka magani ne mai tsada ga ciwon da ake warkarwa da arha.

Gwajin mai sauƙi ne. Lokacin da suya ta kankama, ka rage hasken kicin, ka haska tocila a kaikaice tare da leɓen rumfar. Za ka ga tururin yana hawa, ya shiga ciki, ko kuma ya naɗe a bakin leɓen ya zubo waje ya bi silin. Ka bi leɓen daga wannan kusurwa zuwa waccan, ka lura da inda yake zubowa. Galibi a ƙarshen layi ne, ko kusa da ƙofa, ko daidai lokacin da aka buɗe obin mai tururi.

Ga abin da ake yi. A tura kayan girki baya su matsa jikin bango gwargwadon yadda bututun gas da umarnin masu ƙera su suka yarda, domin bayan kowane wanki sukan ɗan gusa gaba, leɓen rumfa kuma ya kamata ya zarce gaban na'ura da aƙalla santimita 30, obin mai tururi ma fiye da haka. Na'ura mafi hayaƙi, wato magasa, a sa ta a tsakiyar layi, masu sauƙin hayaƙi a gefe. A rufe gefunan rumfar da faranti na ƙarfe, ko da rabin tsayi ne. Cibiyar gwajin kayan girki ta San Ramon a Kalifoniya ta daɗe da nuna cewa waɗannan farantan gefe da matsar da na'ura baya suna sa rumfa ta kama hayaƙi da iska ƙasa da wadda take bukata a da. Fankar tsaye da ma'aikata ke kunnawa saboda zafi kada ta fuskanci murhu, kuma ƙofar baya kada a tokare ta a buɗe in tana kusa da layin girki.

Mataki na shida: daidaita iskar shigowa

Abin da aka saba shawarta a Birtaniya shi ne fankar shigarwa ta kawo kusan kashi 85 cikin ɗari na iskar da ake fitarwa, ragowar ta biyo ta ɗakunan da ke maƙwabtaka, don warin kicin kada ya bi baƙi zuwa teburinsu. Wasu, da niyyar tsimi, sukan kashe fankar shigarwa ko su toshe ragarta saboda sanyin da take kawowa. Sakamakon shi ne kicin ya koma zuƙo ɗumammiyar iskar zauren baƙi, tukunyar ɗumama gida ta ninka aiki, kuma wannan ya fi tsada nesa ba kusa ba.

Alamomin ba sa ɓuya: ƙofar kicin tana nauyin buɗewa ko tana bugawa da kanta, iska tana fito ta ƙarƙashin ƙofa, baƙin da ke kusa da mashiga suna kukan sanyi a ƙafa, murhun itacen zaure yana dawo da hayaƙi ciki maimakon ya bi bututunsa. Na ƙarshen nan haɗari ne, ba batun kuɗi kawai ba.

Iskar shigowa ta sauko a hankali, ta faffaɗar raga, nesa da leɓen rumfa, domin in ta buso da ƙarfi sai ta tarwatsa hayaƙin. Ka kuma duba ma'aunin hitar da ke ɗumama ta. Kicin cike yake da zafin wuta, ba ya bukatar iska mai ɗumin falo. Kowane digiri da aka sauke, a misalinmu, kilowat 2.4 ne.

Otal-otal na Abuja da Kano da Accra suna da wannan matsalar a juye: fankar kicin tana zuƙe iskar da na'urar sanyaya ɗaki ta sha dizal kafin ta sanyaya.

Mataki na bakwai: rage gudun fanka

Dokar fanka ita ce ta sa wannan mataki ya fi kowane riba. Iskar da fanka ke turawa tana bin gudunta kai tsaye, amma wutar da take ci tana bin gudun ne a ninke da kansa sau uku, wato gudu sau gudu sau gudu. Gudu ya sauka zuwa kashi 90, wuta ta koma kusan 73. A kashi 80, kusan 51. A kashi 70, kusan 34. A rabin gudu, kashi ɗaya cikin takwas kacal. A aikace ba a samun wannan cif, domin inji da inbata, wato na'urar sarrafa gudunsa, suna da nasu asarar, amma ko da an rage wannan ribar tana da yawa. Toshe bututu da murfi don rage iska ba ya ba da irin wannan riba, kamar mai taka birki ne ƙafarsa ɗaya na kan totur.

Hanyoyin uku ne. Idan awo ya nuna fankar ta fi ƙarfin bukata a kowane lokaci kuma mai bel ce, canza girman fuli, wato faifan da bel ke juyawa a kai, ya wadatar. Idan injin mai layi uku ne, a sa masa inbata mai sarrafa gudu. Idan fankar ta tsufa ta kusa mutuwa, a maye ta da mai injin EC, wadda ke zuwa da sarrafa gudu a jikinta kuma ba ta da bel.

Sharuɗɗa huɗu ne ba a sakaci da su. Fankar fitarwa da ta shigarwa su riƙa hawa da sauka tare. A kulle gudu mafi ƙanƙanta a cikin inbata yadda ba mai iya sauka ƙasa da shi, kuma injiniyan gas ya gwada shi da dukkan wutar da aka yarda a kunna a wannan matakin. A sake saita makullin gas, domin wanda ke aiki da matsin iska ko da ƙarfin lantarkin fanka zai iya yanke gas a tsakiyar ciniki idan gudu ya sauka. Sannan a tuna da maƙwabta: iskar da ta fita bututu ba da ƙarfi ba ba ta tashi sama sosai, wari ya sauka a tagar mutane, ƙara ta kai ga jami'an lafiyar muhalli na ƙaramar hukuma.

Makunni mai matakai uku, na shiri da na ciniki da na cunkoso, yana aiki in kuku ya kula. Abin da ya fi faruwa shi ne a murɗa shi ƙarshe ranar Juma'a da dare, ya zauna a nan har wata ya ƙare.

Mataki na takwas: bar na'ura ta riƙa murɗawa

Saboda wannan mantuwar aka ƙera tsarin da ke bin bukata. Ana sa ma'aunin zafi a cikin rumfa ko bututu, a wasu kuma a ƙara ido mai haske da ke ratsa rumfar daga gefe zuwa gefe. Zafi ya ƙaru, fanka ta ɗaga a hankali. Hayaƙi ko tururi ya gitta hasken, ta tashi gaba ɗaya nan take, in ya wuce ta sauko. Intelli-Hood na kamfanin Melink, Cheetah na Quintex da M.A.R.V.E.L. na Halton duk irin wannan ne. A ganina kicin mai magasa da suya kada ya tsaya a ma'aunin zafi shi kaɗai, domin nama yana faɗawa kan magasa hayaƙi ke tashi, zafin bututu kuwa sai daga baya. Kicin mai gas kuma a haɗa masa ma'aunin kabon dayoksaid da zai tilasta wa fanka tashi.

Mu koma misalinmu. Awa 13 suka rage bayan gyaran jadawali. A ce biyar daga ciki a cikakken gudu, yunit 25. Takwas a kashi 70 na gudu, mu ɗauka suna cin kilowat 2 don kada mu yi zari, yunit 16. Jimla 41 maimakon 80, ragin kusan fam 3,500 a shekara a wutar fanka kawai, ga kuma na ɗumama iska a kai. Fam 1,350 daga ciki na gyaran jadawali ne, don haka da ragowar, kusan fam 2,160, za ka auna farashin da mai sayarwa ya kawo. Babban kicin mai dogon yini da ciniki mai hawa da sauka yana mayar da kuɗinsa da wuri. Ƙaramin kicin mai fankar da ba ta kai kilowat ɗaya ba, mai buɗewa awa huɗu, agogo da makunni mai matakai sun ishe shi. In hayar gidan kake daga kamfanin mashaya, duba yarjejeniyarka tukuna, don sau da yawa sai da izininsu ake taɓa rumfa da bututu.

Mataki na tara: lokacin canza kayan girki

Ba na ba da shawarar a zubar da murhu mai lafiya, amma in ya mutu a duba murhun indakshan mai aiki da lantarki. Yana zuba mafi yawan ƙarfinsa cikin tukunya, ba ya ƙona iska, kuma da an ɗauke tukunya ya daina ci, don haka lissafin DW/172 yana ba shi iska ƙasa da ta murhun gas. Amma ragin ba ya zuwa da kansa, sai an sake lissafi an sauke gudun fanka. Akwai kuma na'urorin da ke tatsar zafin iskar da ake fitarwa su ɗumama ruwa ko iskar shigowa. Maiƙo ne abokin gabarsu, saboda haka sai inda tacewa ke da kyau kuma akwai mai wanke su a kan kari.

Bayan kowane mataki ka koma kan mita, ka kwatanta mako da mako mai irin cinikinsa, ka sake gwajin tocila a daren Asabar lokacin da layi ya cika. Idanun ma'aunin hayaƙi a goge su duk mako tare da filta, domin in maiƙo ya rufe su tsarin zai ɗauka hayaƙi ne ya bar fanka a cikakken gudu. Saitin inbata da sakamakon awon iska a rubuta su a ajiye tare da takardar binciken gas ta shekara, don injiniyan da zai zo gaba ya san inda aka tsaya.